Kifin kilawun da animoni: amsar tambayoyin da kuka turo

Wani bawan Allah mai kiwon tarwada a Kaduna ya ce an nuna mai wani ɗan kifi ruwan lemo mai ratsin fari uku, mai sayarwa ya ce percula ne, shi kuma yana so ya san ko gaskiya ne, sannan ko zai iya sa shi a tankin gilas ɗin da yake ajiye ƴaƴan kifi.

Toh malam, mu fara da ruwan. Wannan kifin shi ake kira kilawun (clownfish), na teku ne, ruwan rijiya ko na famfo kashe shi zai yi. Yana son gishiri wajen giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya ba, akwai wanda ake haɗawa musamman don tankin teku. Asalinsa tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya, babu shi a Atlantika, kenan duk wanda ka gani a Legas ko Abuja shigo da shi aka yi ko kuma ƙyanƙyasar tanki ne.

Maganar percula kuwa, kusan iri 30 ne kifin nan amma biyu ne suke rikita mutane, ocellaris da percula. Ka duba baƙin layin da ya kewaye farin ratsin, in siriri ne kamar an ja da biro to galibi ocellaris ne, in mai kauri ne har wani wajen yana haɗewa to percula. Idon ma yana nunawa, na ocellaris ya fi duhu, na percula kewayensa ruwan lemo ne garau. Masana ƙayoyin gadon baya suke ƙirgawa, yawanci 11 a ocellaris 10 a percula, amma kifin ba tsayawa zai yi ka ƙirga ba sai dai ka ɗau hoto ka zuƙo shi. Ni dai ga mai farawa ocellaris na tanki nake zaɓa, ya fi juriya kuma ya saba da abincin gwangwani. In ka ga ja mai duhu da ƙaya a kumatu wannan wani irin kilawun ne da ake kira maroon, mafaɗaci ne sosai, kar ka haɗa shi da wani irin.

Sai wata hajiya da ta ce ta sayi animoni fari tas don kyau, tana jiran kifinta na kilawun ya shiga ciki ya zauna yadda yake yi a teku, amma sati biyu kifin ko kallonsa bai yi ba.

Hajiya farin nan ne ya dame ni fiye da kifin. Animoni ba fure ba ne, dabba ce mai harbi, kuma a jikinta akwai wasu ƙananan gansakuka da suke haɗa mata abinci da haske, su ne suke ba ta launin ƙasa-ƙasa ko kore. In ta yi fari tas to sun gudu, yunwa take ji, sai fitila mai ƙarfi da ɗan gutsuren jatan lande lokaci-lokaci ko Allah zai sa ta farfaɗo.

Ƙin shigar kuma, iri 10 ne kawai na animoni suke karɓar kilawun a teku, kuma kowane kifi da nasa. Ocellaris ya saba da Heteractis magnifica da masu kama da darduma irin su Stichodactyla gigantea, waɗanda wallahi wahalar riƙewa gare su ko ga ƙwararru. Mai sauƙin ita ce Entacmaea quadricolor mai kumburarrun yatsu, gidan maroon ce da wasu irin kilawun kamar tomato da clarkii da bicinctus mai ratsi biyu na Bahar Maliya, wanda ake gani a gaɓar Sudan. Ocellaris yakan shige ta a tanki, wani bayan watanni, wani har abada ba zai shiga ba. Animonin da ake kira Condylactis kuwa daga tekun Karibiyan take inda babu kilawun sam, ki tambayi mai shagon ko ita ya ba ki. Kar ki tura kifin ciki da hannu, yauƙin jikinsa ne yake kare shi kuma a hankali yake sabawa.

Kifin zai rayu lafiya har ya yi ƙwai ba animoni. Wanda tankinsa bai kai wata 6 ba, ko ba shi da sola ko inbata, don Allah ya haƙura da ita. Ruwan digiri 24 zuwa 27 take so, zafin watan Afrilu in wuta ta ɗauke kwana ɗaya ya isa, kuma in ta mutu ta narke ruwan tankin duka take ɓatawa har kifin ya bi ta.