Amsa ga ɗan'uwan da ake yi wa dariya kan gad ɗinsa

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce yaron da kake bibiya a ƙwallon kwandon jami'a, gad mai tafiyar da ƙwallo daga baya, yana zuba maki sama da 20 kowane wasa, amma masu hasashen daraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NBA, sun tura shi zagaye na biyu, 'yan majalisarku kuma sun sa ka a gaba. Wallahi na san wannan ciwon, a 2011 ni ma na sha shi.

Nawa Jimmer Fredette ne na jami'ar BYU ta Amurka. Maki 28.9 yake ci a kowane wasa a kakar nan, ya zuba wa New Mexico 52 a dare guda. Kuɗin abincina nake kaiwa kafe in sayi awa ɗaya don guntayen bidiyonsa, intanet na tsayawa ina jira. Da aka ɗauke shi na 10 ya tafi Sacramento, na rantse a filinmu gaban kowa cewa an samu magajin shahararren gad Steve Nash. To akwai wani babban yaya da ke horar da mu, ina ganin girmansa kamar uba. Da abin ya ƙi, har aka sallami yaron a 2014, mutumin nan bai bar ni na sha ruwa ba. Rannan ana neman wanda zai riƙe ƙananan yara, aka ambaci sunana, sai ya ce a gaban yaran, "Wanda bai san ɗan wasa ba, me zai koya musu?" Har yau ina ganin inda nake tsaye, ƙwallo a hammata, igiyar takalmina a kwance. Ban ce uffan ba. Shekara biyu ban taka filin ba. Kuma shi fa bai taɓa zama ya kalli Jimmer ba, a bakin mutane yake ji. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Amma ni ma cikakken wasa nawa na kalla? Don Allah ka rabu da guntayen bidiyo. Nemo wasan da aka lallasa su, ka zuba wa ƙafafunsa ido lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa. Yana iya tare mai gudu? In dogo ya yi masa katanga, yana kutsawa ko tsayawa yake? A BYU komai ta hannun Jimmer yake bi, a NBA ba mai ba sabon shiga wannan gatan, kuma duk dare shi ake nema a kai wa hari. Isaiah Thomas, ɗan guntu, wanda aka ɗauka na 60 a wannan daraf ɗin, shi ya karɓe gurbin a Sacramento. Klay Thompson kuwa, wanda ya zama tauraro, na 11 ne, dab da bayan Jimmer. In na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Ka duba jifansa daga layin fawul, inda ake jifa ba mai tarewa, ya fi jifan maki uku faɗin gaskiya. Lonzo Ball a jami'ar UCLA yana jefa kashi 41 na maki uku, amma 67 kacal a layi, ya zo NBA shekarar farko jifansa na maki uku ya faɗo wajen kashi 30. Layin maki uku na NBA ya fi nisa, agogon jifa kuma daƙiƙa 24 ne, ba 30 irin na jami'a ba.

Zancen zagaye na biyu kar ya karya maka gwiwa. Jalen Brunson ya ci kofin NCAA na jami'o'in Amurka sau biyu yana Villanova, duk da haka sai na 33 Dallas ta ɗauke shi a 2018, wai gajere ne. Gabe Vincent namu na D'Tigers, tawagar Najeriya, ko kiran sunansa ba a yi ba a shekarar, ga shi ya buga wa Miami wasan ƙarshe na NBA a 2023.

Ni dai kar ka rantse a majalisa, shi kaɗai nake roƙonka. Turo mini shekarun yaron da wasa ɗaya da aka ci su, daren Asabar in zauna in kalla in sha Allah.