Shin barin addini alamar kaifin basira ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani abokin karatuna ya daina ibada, kuma kullum yana ce mana kimiyya ta tabbatar masu kaifin ƙwaƙwalwa su ne ke barin addini. Da gaske akwai binciken da ya ce haka, ko shaci-faɗi ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Binciken akwai shi, sai dai abokinka ya ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

A 2013, Miron Zuckerman na Jami'ar Rochester a Amurka da abokan aikinsa biyu suka tattara nazari 63 da aka yi a kan makin gwajin IQ (wato gwajin auna kaifin basira) da riƙo da addini. Sun ga cewa idan maki ya ɗan hau, riƙo da addini yakan ɗan sauka. Ma'aunin irin wannan alaƙa yana tafiya ne daga -1 zuwa +1, inda kusantar sifili ke nufin alaƙar ba ta da ƙarfi, su kuma abin da suka samu bai wuce -0.2 zuwa -0.25 ba. Daga baya suka sake da nazari 83, sakamakon bai canza sosai ba.

A nan mutane ke tuntuɓe. Don a gane ƙarfin alaƙar, akan ninka lambar da kanta: ninka 0.2 da 0.2, za ka samu 0.04. Wato kashi 4 zuwa 6 cikin 100 kacal na bambancin mutane wajen addini ke tafiya da makin gwajin. Da za a jera maka mutum ɗari, a ba ka takardar makin kowa, a ce ka ware masu ibada, kusan canke za ka yi.

Sai kuma maganar su wa aka gwada. Galibinsu mutanen Amurka ne da sauran ƙasashen Yamma, mafi yawa Kiristoci, da yawa ɗaliban jami'a. Da masanin halayyar ɗan Adam Will Gervais da tawagarsa suka faɗaɗa binciken zuwa ƙasashe 13 a 2018, sun yi amfani da tambayoyi masu tarko irin wannan: sandar wasa da ƙwallo kuɗinsu dala 1.10, sandar ta fi ƙwallon da dala 1, nawa ne ƙwallon? Baki yakan yi saurin cewa santi 10, alhali santi 5 ne. Alaƙar cin wannan gwaji da rashin imani ta fito fili a ƙasashe ƙalilan ne kawai, irin su Amurka da Ostareliya da Singafo. Gwajin da shi Gervais ɗin ya wallafa a 2012, wai tunzura mutum ya yi tunani mai zurfi yana rage masa imani, da wasu suka maimaita shi da mutane masu yawa, bai fito ba.

Masana kimiyya ma ba bakinsu ɗaya ba. Binciken Elaine Ecklund ya nuna fiye da rabin masanan Indiya da Turkiyya da Italiya da Taiwan suna kiran kansu masu addini.

Kada a manta shi kansa makin ba tsayayye ba ne: kowace shekara ta ƙarin karatu tana ɗaga shi da maki 1 zuwa 5. Inda jami'o'i suka fi karkata ga rashin addini, dole yawan maki da rashin addini su haɗu, ba don ɗaya ta haifi ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jadawalin Richard Lynn na 2009, mai kwatanta makin IQ da rashin imani a ƙasashe 137, wanda ake yawan kafa hujja da shi. Makin wasu ƙasashe ƙiyasta shi aka yi daga na maƙwabtansu, wasu kuma daga 'yan tsirarun mutane. Da wani masani, Jelte Wicherts, ya sake bin bayanan Afirka kudu da Sahara a 2010, kusan 80 ya samu, ba ƙasa da 70 da Lynn ya rubuta ba. Idan abokinka ya kawo maka wannan jadawali, tambaye shi mutum nawa aka gwada a kowace ƙasa, da wane harshe, kuma shekara nawa suka yi a makaranta.