Ina Zan Ɗaura Kyamarar Daji Don In Gane Turbar Barewa da Elk?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Kolorado ta Amurka, bana na samu lasisin farauta. Na ɗaura kyamarori biyu a jikin bishiya, na bar su mako uku a daji. Da na koma sai na tarar da hotuna birjik, amma duk ciyawa ce da hasken rana, sai kurege ɗaya tilo. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kyamarorinka lafiyarsu ƙalau. Ɗumi da motsi ne ke tashin su, don haka idan rana ta gasa ciyawa iska ta kaɗa ta, sai su yi ta ɗauka. Ka share ciyawa da ƙananan rassan da ke gabansu, ka juya fuskarsu arewa don kada ranar safe ko ta yamma ta dake su a ido.

Babban aikin shi ne zaɓen wuri. Nemi inda dabba ke tsayawa dole, ba inda take wucewa da gudu ba. Elk, wani babban dangin barewa mai ƙaho rassa-rassa wanda namijinsa ya kai gwanki girma ko ya fi, ba ya jure zafi. Da rana yakan kwanta a duhuwar itatuwa ta gangaren da ke kallon arewa, ya fito kiwo da magariba. Ka bar makwancinsa, in ka tashe shi sau biyu ya bar maka wurin ke nan. Tsakanin makwanci da makiyaya za ka nema: mashaya, ko lotsawar da ke tsakanin tudu biyu inda turbobi ke haɗuwa.

Ni dai in kyamara ɗaya gare ni, bakin taɓon birgima zan kai ta. A Satumba, lokacin barbara, namijin elk kan yi fitsari a taɓo ya tumurmusa jikinsa a ciki. Hanci ne ke fara gaya maka ka iso. Ka duba: ruwan a dame yake ko ya kwanta? Akwai ɗanyen taɓo a jikin itatuwan gefe, da ɓawon da ƙaho ya saɓule? In ruwan ya yi garau, an daɗe ba a zo ba. Ɗaura kyamarar sama da kanka, ka cusa ɗan itace ta bayanta ta sunkuyo, domin elk na lasar ta, beyar kuma, wata ƙatuwar dabbar dawa mai farata, tauna ta take yi.

Barewa ba ta da wannan rigimar. Tsayin ƙugu ya isa, a karkace da turba, don ta daɗe a gaban kyamarar. In ka fuskanci turbar kai tsaye ta gefe, bindi kawai za ka samu.

Kada ka zuba gishiri ko kanwa don jan su, a Kolorado haramun ne. In kuma za ka tsallaka jihohin da ke maƙwabtaka, Arizona ta hana amfani da waɗannan kyamarori don farauta tun farkon 2022, Yuta kuma ta hana su a filayen gwamnati daga 31 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba.

Sa batirin litiyam saboda sanyi, ka daure mako biyu ko uku kafin ka leƙa. In za ka je, je da tsakar rana, iska na kaɗa warinka nesa da makwancinsu.