Tambayoyin Masu Karatu: Shin Sabon Gandun Dajin Haɗeja Ya Cancanci Ziyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare a Kano, kuma duk shekara mukan kai ɗaliban aji biyar ziyarar ƙaro ilimi. Bana wani abokin aikina ya kawo shawarar mu je sabon gandun daji na ƙasa da ke fadamar Haɗeja, wajen Baturiya, amma wasu malaman suna ganin asarar kuɗin mota ce kawai, tunda ba a taɓa jin labarin giwa ko zaki a wurin ba. Ina neman shawara kafin mu karɓi kuɗin iyayen yara.

*Wani malami, daga Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ku je, amma bisa sharaɗi biyu: ku zaɓi lokacin da ya dace, kuma tun a aji ku faɗa wa ɗalibai gaskiyar abin da za su tarar, domin yaron da aka yi wa alkawarin zaki ba zai ɗaga kai ya kalli tsuntsu ba.

Da farko ya kamata a fahimci cewa sabuntar wurin ta hukuma ce kawai. A ƙarshen shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya, a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, ta amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10 a kan guda 7 da ake da su, ciki har da Falgore a Jihar Kano, da Kogo a Jihar Katsina, da Pandam a Jihar Filato, da kuma Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa. Kafin nan dajin Baturiya ya daɗe a matsayin keɓaɓɓen daji a hannun gwamnatin jiha, kuma tun a 2008 aka sanya shi cikin jerin fadamu masu muhimmanci a duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin da ya ɗan haura hekta 100,000. Abin da ya canja shi ne mai riƙon wurin, wato ya koma hannun hukumar kula da gandun daji ta ƙasa. Sauya mai riƙo kuwa ba ya shimfiɗa kwalta ko gina masauki a dare ɗaya, don haka kada ku shirya tafiyar kamar masu zuwa wurin shaƙatawa da aka gama ƙawata shi.

Abokan aikinka sun yi gaskiya, babu giwa kuma babu zaki. Arzikin Baturiya ruwa ne da tsuntsaye. Kogin Haɗeja, wanda ya samo asali daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, da kuma kogin Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Jos, idan sun iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan rairayi sai su rarrabu zuwa ƙoramu da tafkuna masu yawa, kafin su sake haɗuwa su zama kogin Yobe da ke malala cikin Tafkin Chadi. Wannan yanki shi ake kira fadamar Haɗeja da Nguru, kuma Baturiya wani sashe ne nasa. Ga tsuntsun da ya taso daga Turai ko Rasha yana gudun sanyin can, ya ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara, wannan fadama tana cikin manyan ruwaye na farko da zai tarar, shi ya sa ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa masu dogayen ƙafafu suke sauka a nan dubbai, su yi watanni suna kiwo, sannan su juya arewa idan zafi ya fara shigowa. An lissafa nau'in tsuntsaye fiye da 300 a fadamar baki ɗaya, kuma ƙidayar da masana suka riƙa yi a watan Janairu a tsakiyar shekarun 1990 takan haura tsuntsayen ruwa 200,000.

Ban da baƙin, akwai 'yan gida waɗanda yaran birni suka san sunansu a tatsuniya da karin magana amma ba su taɓa ganin su ba: dinya, da kirinjijiya mai tashi garke guda tana fito, da zalɓe da ke tsaye cak a cikin ruwa yana jiran rabonsa, da takabado mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado ba tare da ya nutse ba. Gauraka ya yi ƙaranci ƙwarai saboda kamun da ake yi masa ana sayarwa, wanda ya gan shi ya yi babbar sa'a. Shamuwa kuwa kada a neme ta da hunturu, domin ita da damina take zuwa, kuma kafin baƙin Turai su iso ta riga ta yi kudu. Malamin ilimin halittu zai iya gina darasi guda a kan wannan saɓani kaɗai, yadda tsuntsu ɗaya yake bin ruwan sama wani kuma yake gudun ƙanƙara, su riƙa musayar wuri ɗaya a shekara.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗin lokaci, wanda shi ne zai raba tafiya mai amfani da wadda za a dawo ana da-na-sani. Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu. A watannin Agusta da Satumba ruwa yana kan ganiyarsa, hanyoyin ƙauyuka sukan yanke, kuma wanda ya tuna ambaliyar da ta auka wa masarautar Haɗeja a 2022 ba zai ɗauki 'ya'yan mutane zuwa can a wannan lokaci ba. Daga Afrilu kuma tafkuna da yawa sun janye, baƙin tsuntsaye sun tafi, zafin rana ya tsananta. Ko a cikin hunturun ma, sa'o'in farko bayan fitowar rana da kuma bayan la'asar su ne lokacin da tsuntsaye ke motsi, saboda haka motar da ta bar Kano da hantsi ta isa da azahar ta yi tafiyar banza. Ku kwana a garin Haɗeja, ku fita bayan sallar asuba.

Sauran shiri kaɗan ne amma babu na yarwa a ciki. Ku rubuta wa hukumar gandun takarda tun da wuri, domin a faɗa muku kuɗin shiga, a kuma haɗa ku da ma'aikacin daji da zai yi muku jagora, kuma idan kun isa ku fara gaida dagaci kafin ku nufi bakin ruwa. Ku nemi aron madubin hangen nesa ko da guda huɗu ne, domin ba tare da shi ba yawancin abin da na lissafa ɗigo-ɗigo kawai za a gani a nesa. Ku tafi da ruwan sha da abinci da rigunan sanyi. Kada a bar yaro ko ɗaya ya shiga ruwan, saboda tsargiya ta zama ruwan dare a irin waɗannan tafkuna marasa gudu, kuma idan za a hau kwale-kwale a hau kaɗan-kaɗan, kowa da rigar kariya.

Ina ganin ma babban darasin da ɗalibanka za su kwaso ya shafe su kai tsaye a matsayinsu na Kanawa. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa da aka kammala a 1992, su ne ke riƙe ruwan da a da yake saukowa gaba ɗaya da damina ya mamaye fadamar, sannan ya janye da rani. Ruwan da ake noman rani da shi a Kadawa da Kura, da wani kaso na ruwan famfon birnin Kano, daga wannan rabo ake ɗibarsa. Yaron da ya tsaya a bakin tafki a Baturiya aka nuna masa inda ruwa yake kaiwa a da da inda yake tsayawa yanzu, zai fahimci abin da littafin aji yake nufi da dangantakar halittu da muhallinsu fiye da yadda allo zai koya masa.

Tambaya: Ina da yara uku, babbar shekararta 11, kuma mun yi musu alkawarin fita a hutun ƙarshen shekara. Maigidana yana son sabon wurin nan na Jigawa saboda ya fi kusa da mu, ni kuma na fi karkata ga Yankari. Wanne ya fi dacewa da ƙananan yara?

*Wata uwa, daga Dutse*

Amsa: Hajiya, a wannan karon ina bayanki, tare da ba Alhaji haƙuri. Kallon tsuntsaye yana buƙatar sammako da shiru da haƙurin tsayuwa wuri ɗaya, abubuwa uku da ba a cika samun su tare a wurin ɗan shekara shida ba. Yankari kuwa an keɓe shi tun 1956, an buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991 kafin ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi a 2006, wato ya shafe fiye da shekara 60 yana karɓar baƙi. Akwai ɗakunan kwana a sansanin Wikki, akwai motocin zagaya daji, akwai gwaggon biri da gadu da ke yawo har cikin sansanin, sannan ga ruwan ɗumi na Wikki, wanda ɗuminsa ke tsayawa a kan digiri 31 dare da rana, kuma shi ne abin da yara suka fi tunawa.

Sai dai ko a can kada ki yi musu alkawarin giwa. Giwayen Yankari suna nan, amma dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma an fi dacewa da su a ƙarshen rani, lokacin da ƙishirwa ke tilasta wa dabbobi taruwa a bakin kogin Gaji. A Disamba ciyawa ba ta gama kwantawa ba, ana iya zagayawa a dawo ba a gan su ba. Ki kuma gargaɗi yaran kada su riƙe abinci a hannu a gaban birai, domin fizgewa suke yi ba tare da jin tsoron kowa ba. Baturiya tana kusa da ku, ba za ta gudu ba. Idan babbar ta shiga sakandare, Alhaji ya kai ta su biyu da sassafe.

Tambaya: Ni ɗan yankin Kirikasamma ne, mahaifina manomin shinkafa ne kuma yana taɓa kamun kifi. Gaskiya abin yana ba mu mamaki a ce mutum ya taso daga birni don kallon tsuntsu, alhali mu tsuntsaye ne ke cinye mana amfanin gona. Shin zuwan baƙin nan zai amfane mu da wani abu, ko dai ƙarshenta hana mu shiga daji za a yi?

*Wani ɗalibi, daga Kirikasamma*

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta fi sauran nauyi, kuma duk mai niyyar ziyara ya kamata ya karanta ta. Tsuntsun da ya fi addabar gonakinku jan baki ne, kuma yawaitarsa tana da alaƙa da matsalar da ke korar tsuntsayen da baƙi ke zuwa kallo. Tun da madatsun ruwa suka sa kogin ya daina bushewa sarai da rani, ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe ƙoramu, ta karkatar da ruwa ya yi yawa a wani wuri ya yi ƙaranci a wani, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, sannan ta zama maɓoyar da jan baki ke kwana a ciki. Agwagin da ke zuwa daga Turai buɗaɗɗen ruwa suke so, kamar yadda masunci yake so. Don haka duk aikin da aka yi na yashe ƙoramu da sare kacalla, mahaifinka da mai madubin hangen nesa za su ci moriyarsa tare.

Game da tsoron hana ku shiga, ba zan ce maka babu dalilinsa ba. Dokar gandun daji na ƙasa ta fi ta jiha tsauri a kan farauta da sare itace da kiwo a cikin iyakar da aka shata. Amma wannan fadama ba dajin da babu kowa ba ce. Manoma da masunta da Fulani makiyaya da mata masu yankar kaba suna saƙa tabarma da faifai sun dogara da ita tun kaka da kakanni, kuma yarjejeniyar Ramsar da wurin ke ƙarƙashinta, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, an gina ta ne a kan amfani da fadama cikin hikima, ba a kan korar mazauna ba. Wannan hujja ce da masu unguwanni da dagatai da ƙungiyoyin masunta za su iya riƙewa idan ana zaman shata iyaka, kuma ya fi kyau a yi wannan magana tun yanzu da hukumar take sabuwa a wurin, a rubuta wuraren kamun kifi da burtalin shanu da lokutan yankar kaba a takarda.

Amfanin baƙi kuwa, a ganina, ba zai yi yawa ba a shekarun farko, kuma duk wanda ya ce muku kuɗi za su kwararo ya yi gaggawa. Abin da ake iya samu shi ne hayar kwale-kwale, da sayar da kifi da tabarmi, da aikin jagora. Na ƙarshen nan shi ya fi dacewa da irinka, domin mai ziyara yana zuwa da littafi mai hotunan tsuntsaye, amma bai san tafkin da dinya ke kwana ba, bai kuma san hanyar da mota za ta bi ba tare da ta kafe ba. Idan ka haɗa abin da ka gada na sanin wurin da sunayen da ke cikin littafin, ka je ofishin gandun ka gabatar da kanka kafin hunturu ya shigo, domin a lokacin ne makarantu irin ta malamin da ya yi tambaya ta farko suke neman wanda zai raka su.