Tambayoyin Masu Karatu: Hausa 'Yar Larabci Ce, Ko 'Yar'uwar Yarbanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sana'ar albasa ne a kasuwar Mile 12, kuma na daɗe ina zaune a Agege. Kwanakin baya gardama ta kaure tsakanina da wani abokin cinikina Bayarabe, wanda ya ce Hausa da Yarbanci uwa ɗaya uba ɗaya ne, tun da su suna cewa alubosa mu muna cewa albasa, suna cewa alafiya muna cewa lafiya. Wani malami da ke zaune kusa da mu ya ce dukanmu mun ɓata, domin Hausa daga Larabci ta fito. Don Allah a raba mana wannan gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Abokin cinikinka bai yi daidai ba, malamin kuma ya kusa amma bai kai ba, kuma abin da ya ruɗe su duka biyun abu ɗaya ne, wato ɗaukar kalmar aro a matsayin shaidar zumunci. Albasa da lafiya kalmomin Larabci ne da suka shigo Hausa ta hanyar addini da fatauci, daga baya kuma suka gangara ƙasar Yarbawa a bakin malamai da fataken goro, kamar yadda addu'a ta zama adura, albarka ta zama alubarika. Mu ma mun karɓa daga wurinsu, domin ashana da agogo daga Yarbanci muka samo su. Wanda ya ari tabarmar maƙwabcinsa bai zama ɗan gidansu ba saboda haka.

Idan masana ilimin harsuna suna son sanin ko harsuna biyu tsatso ɗaya ne, ba su duba kalmomin kasuwa da na masallaci, domin waɗannan su ne suka fi saurin yawo. Suna duba abin da yaro yake koya a bayan uwarsa: ƙidaya daga ɗaya zuwa biyar, sunayen gaɓoɓin jiki, ci da sha da mutuwa, da wakilan suna irin su ni da kai da ke, sannan sama da kome ginin nahawu, wanda da wuya a are shi. Kuma ba su yarda da kama ta kalma ɗaya ko biyu, sai sun ga sauyin sauti yana maimaita kansa bisa tsari a kalmomi masu yawa.

Ka gwada wannan awo da kanka gobe a rumfarka. Ka ce wa Bayarabe ya faɗi uku, zai ce eta. Inyamuri zai ce ato. Bafulatanin da ya kawo shanu zai ce tati. Mai jin Swahili daga gabashin Afirka zai ce tatu. Kai kaɗai ne za ka ce uku, ka fita daban. Dalili kuwa shi ne waɗancan huɗun duk 'yan gida ɗaya ne, babban dangin da ake kira Neja-Kwango, wanda ya ƙunshi harsuna kusan 1,500, ya kuma mamaye ƙasa tun daga Senegal har Afirka ta Kudu. Nupanci da Tibanci da harshen Edo da na Egun da ake yi a Badagry duk a cikinsa suke. Na san wannan zai ba wasu mamaki, musamman ganin yadda aka saba haɗa Hausa da Fulani a numfashi ɗaya, amma ta fuskar asalin harshe Fulatanci ya fi kusa da Yarbanci a kan Hausa. Aure da addini da zama tare sun haɗa mutanen, harsunan kuwa kowane da kakansa.

Hausa tana cikin dangin da ake kira Afro-Asiya, kuma a nan ne maganar malaminku take da ƙamshin gaskiya. Wannan dangi yana da rassa shida: reshen da Larabci da Ibrananci da Amharik na Habasha suke ciki, reshen harsunan Barbar na arewacin Afirka da Sahara, wanda harshen Buzaye yake ciki, tsohon harshen Masar na zamanin Fir'auna, reshen Kush, inda Somaliyanci da Oromo suke, reshen Omo na kudu maso yammacin Habasha, sai reshen Cadi, wanda ya ƙunshi harsuna sama da 150 a Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, Hausa ce mafi yawan jama'a a cikinsu nesa ba kusa ba. Shaidar zumuncin tana nan a bakinka kullum. Kana ce wa namiji gidanka, mace gidanki, Balarabe ma da ka da ki yake bambanta su a ƙarshen kalma. Muna cewa ya tafi, ta tafi, shi yana cewa yaktubu, taktubu. Muna gina mabuɗi da makaranta da masallaci da ma a farko, shi ma haka ya gina miftah da madrasa da masjid. Kalmar mutu da kalmar Larabci mata, wato ya mutu, tushensu guda, haka harshe, wanda Sakkwatawa ke kira halshe, da lisan, kuma huɗu ɗinmu tana da 'yar'uwa a tsohon rubutun Masar mai baƙaƙen f da d da w. Babu ɗaya daga cikin waɗannan kamanni da ya shigo da zuwan Musulunci. Gado ne daga wani harshe da aka yi magana da shi dubban shekaru kafin a san Larabci ko Hausa, wanda bai bar rubutu ba.

Saboda haka Larabci ba uwar Hausa ba ce, ɗan'uwa ne na nesa, irin wanda sai an zauna da tsofaffi an bi salsala kafin a gano inda aka haɗu. 'Yan'uwan Hausa na kusa suna nan gida: Gwandara ita ce mafi kusa, sai irin su Bolanci da Karekare da Ngizim da Bade a Yobe, Tangale a Gombe, Angas da Ron a Filato, sannan can gaba kaɗan Bura da Margi. Mutumin Pankshin, ƙasar Angas, da ke zaune kusa da kai a motar Oshodi, harshen kakanninsa ya fi Larabci kusanci da naka, ko da kuwa babu kalma ɗaya da za ka gane idan ya fara magana.

Wanda ya tsara wannan rabe-rabe yadda aka fi saninsa a yau shi ne Joseph Greenberg, Ba'amurke, wanda ya zauna a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 yana nazarin addinin Maguzawa, ya kuma ji Hausa. A 1963 ya kasa harsunan Afirka gida huɗu, ya rushe tsohon ra'ayin wasu Turawa da ke rarraba harsuna bisa launin fata da kiwon shanu, ra'ayin da a ganina son zuciya ya fi ilimi yawa a cikinsa.

Tambaya: Malam, ni malama ce a wata makarantar Islamiyya a Idi-Araba. Ɗalibaina sun tambaye ni yawan harsunan duniya da yadda suka rarrabu a ƙasashe, na yi musu alkawarin kawo amsa.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ki gaya musu harsunan da ake magana da su a yau sun kai kimanin 7,000, kuma sun kasu cikin dangogi sama da ɗari, sai dai kaɗan daga cikin dangogin ne suka kwashe yawancin mutane. Wanda ya fi kowane yawan masu magana shi ne dangin Indiya da Turai, wanda ya haɗa Turancin Ingilishi da Faransanci da Rashanci da Farisanci da Hindi da Urdu. Da gano shi ne wannan fanni ya kafu, bayan da wani alƙalin Ingila mai suna William Jones ya bayyana a Kalkata a 1786 cewa Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin dole daga tushe ɗaya suka fito. Ɗalibanki masu kallon finafinan Indiya sun san tin na nufin uku; su kwatanta shi da tri na Rashanci, su kuma tuna yadda ake faɗin uku a ajin Turanci. Jiragen ruwa da mulkin mallaka ne suka kai wannan dangi nahiyar Amurka da Ostireliya, shi ya sa ake Fotugis a Brazil, ake Sifaniyanci a Meziko.

Na biyu a yawan jama'a shi ne dangin Sin da Tibet, inda Mandarin da harshen Bama suke. Akwai dangin harsunan Turkawa daga Turkiyya har tsakiyar Asiya, da dangin Dirabidiya a kudancin Indiya, wanda Tamil yake ciki, kuma ba shi da alaƙa da Hindi duk da suna ƙasa ɗaya. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne dangin tsibirai da ake kira Ostiranesiya, mai harsuna sama da 1,200, domin da kwalekwale masu shi suka bazu, daga Taiwan zuwa Indunusiya da Filifin da Hawai da New Zealand. Tsibirin Madagaska yana gab da gaɓar Afirka, amma harshensa ɗan wannan dangi ne, danginsa na kusa suna can tsibirin Borneo, bayan tafiyar dubban kilomita a teku. Akwai kuma harsunan da ba a gano musu dangi ko ɗaya ba, kamar Bask da ake yi a kan iyakar Sifen da Faransa.

A Afirka, ban da Neja-Kwango da Afro-Asiya da na ambata a sama, Greenberg ya ware Nilo-Sahara, inda ya sa Barbarci, wato harshen Kanuri na Borno, da Zabarmanci da harsunan kudancin Sudan, da kuma Khoisan na kudancin nahiyar, masu sautin ƙyasta harshe. Masanan da suka zo bayansa sun nuna cewa Khoisan ba dangi ɗaya ba ne, kuma har yanzu ana taƙaddama a kan Nilo-Sahara, musamman matsayin Zabarmanci a cikinsa.

Harsuna ba su watsu daidai wa daida ba. Sun fi cunkushewa inda duwatsu da kurmi da fadamu suka raba ƙauyuka, sun kuma fi ƙaranci inda sarari ya ba doki da raƙumi da daula damar wucewa. Papua New Guinea, wadda jama'arta ba su kai na Legas ba, tana da harsuna sama da 800. Najeriya tana da sama da 500, kuma dangogi uku daga cikin huɗun Greenberg sun haɗu a cikinta. Daga Kano zuwa Sakkwato da Hausa kaɗai za ki yi tafiyarki, amma a duwatsun Filato da kudancin Bauchi da Adamawa da Taraba, tafiyar rabin sa'a a mota kan kai ki ga wani harshe dabam, kuma da yawa daga cikin ƙananan nan Hausa ce take haɗiye su a yau.

Tambaya: Malam, Turancin Buroka da muke yi da kwandastoci a Obalende, shi kuma wane dangi ne?

Amsa: Shi ba ta hanyar gado daga uwa ɗaya ya samu ba, haɗuwar fatauci ce ta haife shi a gaɓar teku, shi ya sa masana kan ware irinsa a rukuni na musamman. Yawancin kalmominsa na Ingilishi ne, ginin jimlarsa ya fi kama da na harsunan kudancin ƙasar nan, sabi da pikin daga Fotugis suka zo tun zamanin da jiragensu ke zuwa gaɓar nan, wahala kuwa, wadda kwandasta ke jefa maka idan ka ba shi dubu ɗaya babu canji, daga Larabci ta taso ta biyo ta bakin Hausawa.