Tambayoyin Masu Karatu: Shin Indiyawa Suna da Nasu Mantikin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wani zaure a Zariya, muna karanta Sullam a fannin mantiki. Malaminmu ya ce asalin fannin daga Girka yake, Larabawa suka fassara shi suka tace. Sai kuma na ji an ce Indiyawa suna da nasu, wanda ya bunƙasa har zuwa zamanin sarakunan Mugal, Musulmin da suka mulki Indiya. Shin da gaske ne, ko aro suka yi? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Malaminka ya faɗi daidai game da abin da kuke karantawa, domin Sullam ɗin Shehu Abdurrahman Al'ahdari, mai littafin Ahalari da muka sani, a kan tsarin Arisɗo aka gina shi. Amma a daidai ƙarnin da aka rubuta shi, wato na 16, akwai wani gari a Bengal, a gabashin Indiya, mai suna Nawadwip, a bakin kogi, inda ɗalibai ke kwana suna tashi a kan wani mantikin daban, da harshen Sanskirit. Ana kiran makarantarsu Nyaya, kuma tushenta ya kusa shekara 2,000. Ni na tafi a kan cewa nasu ne na gado, saboda siffar hujjarsu ba ta yi kama da ta Girkawa ba.

Ga misalin da kowane ɗalibinsu yake farawa da shi, mai gaɓoɓi biyar. Akwai wuta a kan dutsen can. Dalili kuwa, ga hayaƙi yana tashi. Duk inda hayaƙi yake akwai wuta, kamar a madafa. Dutsen nan ma yana da irin wannan hayaƙin. Saboda haka akwai wuta a kansa. Ka lura da kalmar madafa, domin a wurinsu ba a karɓar ƙa'ida tsurarta sai an kawo misalin da mai da'awa da abokin jayayyarsa duk suka yarda da shi. Wanda ya karanta kiyasi a usulul fikihi, da asalinsa da reshensa da illarsa, zai ji wannan tsari bai yi masa baƙunta ba, ko da yake kowanne hanyarsa daban.

Inda gizo ke saƙa shi ne gaɓa ta uku. Yaya aka yi ka san cewa duk hayaƙi yana tare da wuta, alhali ba ka ga dukkan hayaƙin duniya ba? Wannan rashin rabuwa tsakanin dalili da abin da ake kafa wa dalili suna kiransa wiyapti, kuma a kansa suka zuba mafi yawan ƙarfinsu. Sun gane cewa yawan ganin abubuwa biyu tare bai isa ba. Mutum zai iya ganin wuta da hayaƙi sau dubu, ya yanke cewa duk inda wuta take akwai hayaƙi, sai ranar da ya shiga maƙera ya ga ƙarfe ya yi jajir, wuta na cikinsa, babu ko ɗigon hayaƙi. Ashe akwai wani ɓoyayyen sharaɗi da bai lura da shi ba, wato ɗanyen itace, shi ne yake jawo hayaƙin. Wannan ɓoyayyen sharaɗi suna ce masa upadi, kuma aikin mai hujja ne ya bi diddigi ya tabbatar babu shi.

Wanda ya sabunta fannin shi ne Gangesha, mutumin Mitila a arewacin Bihar ta yau, a ƙarni na 14, da littafinsa Tattwachintamani. Daga kansa ake cewa Nabya-Nyaya, wato sabuwar Nyaya. A babin wiyapti ya jero ta'arifai da dama ya rushe su ɗaya bayan ɗaya kafin ya kawo nasa. Biyar na farko sun zama darasi mai zaman kansa, wasu biyu kuma har laƙabi aka yi musu, na zaki da na damisa. Abin da ya kayar da biyar ɗin nan yana da ban sha'awa ƙwarai: dukkansu sun dogara ne a kan samun wurin da babu abin da ake son tabbatarwa, alhali akwai siffofin da ba a rasa su ko'ina, kamar kasancewar abu mai yiwuwar a san shi. Ta'arifin da ya kasa ɗaukar irin waɗannan, a ganinsa, bai cika ba.

Ana ba da labari cewa malaman Mitila sun hana baƙi kwafar littafin, sai wani malamin Bengal, Wasudewa Sarbabauma, ya haddace shi ya koma gida da shi a ƙirji. Labari ne na baka, amma duk wanda ya zauna a tsangaya ya san hadda tana iya abin da ya fi haka. Ko ma dai yaya, wajen shekarar 1500, lokacin da Bengal ke hannun sarakuna Musulmi, cibiyar fannin ta koma Nawadwip, kuma a ƙarni na 17, zamanin Mugal, malamai irin su Jagadisha da Gadadhara suka kai shi matuƙa wajen ƙwanƙwance lafazi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na karanta cewa waɗannan malamai suna ɗaukar rashin abu a matsayin abu, har suna cewa ana ganinsa da ido. Wannan ba wasa da hankali ba ne? (Malama daga Maradi)

Amsa: Barka kadai Malama. Ba wasa ba ne, kuma ina ganin nan ne ma suka fi nuna gwaninta. Da farko, hanyoyin sani huɗu suka yarda da su: riskar abu da gaɓɓai, da kafa dalili kamar na hayaƙin nan, da kwatantawa, da maganar amintacce. To ki ɗauka kin shiga ɗaki neman tukunya, kin duba daɓe, nan take kin san babu ita. Wannan sani gaskiya ne, kuma ba lissafi kika yi ba. Da me kika san shi, kuma mene ne kika sani? Mabiyan Prabhakara, malamin wata makarantar Indiya daban da Nyaya, suka ce daɓe kawai kika gani, babu wani abu ƙari. Mabiyan Kumarila, wani malamin wannan makarantar, suka ce akwai wata hanyar sani ta musamman, wato rashin riska. 'Yan Nyaya suka ce idonki ne ya ga daɓen yana ɗauke da rashin tukunya, domin daɓen yana nan yadda yake ko da tukunya ko babu, saboda haka dole akwai abin da ya sa maganar "babu tukunya" ta zama gaskiya yanzu, ta zama ƙarya anjima idan an dawo da ita.

Sun kasa rashi gida huɗu: rashin tukunya kafin maginiya ta gina ta, da rashinta bayan ta fashe, da rashinta a wani wuri, da kuma kasancewar tukunya ba tabarma ba ce. Kowane rashi yana da abin da aka rasa, kuma dole a fayyace ta wace fuska aka rasa shi: wannan baƙar tukunyar ce babu, ko kuwa duk abin da ake kira tukunya? Kalmar da suka ƙirƙira don wannan iyakancewa, awacchedaka, ita ta ba su damar faɗin magana ba tare da harshen damo ba, ita ce kuma ta sa rubutunsu ya yi tsauri har ga masana Sanskirit.

Kada ki ɗauka kuma sun riƙe abin da suka gada ba tare da tuhuma ba. Magabatansu sun kasa samammu gida bakwai, rashi ne na bakwai. Raghunata Shiromani na Nawadwip, wanda ya yi fice wajen shekarar 1500, ya rubuta ɗan ƙaramin littafi ya sake tankaɗe jerin gaba ɗaya. Ya ƙi yarda da ƙwayar zarra da ba a gani, ya ce mafi ƙanƙantar abu shi ne wanda ido ke iya riska, irin ƙurar nan da ake gani tana yawo cikin hasken rana idan ya ratso ta taga. Ya ce lokaci da sarari ba wasu jauharai ne, wato abubuwa masu zaman kansu, dabam da Ubangiji ba, bisa aƙidarsa wadda ba tamu ba ce. Ya kuma ƙara sababbin rukunai, ciki har da adadi da mallaka, domin a ganinsa kasancewar gona ta wane ce ba launi ba ne, ba motsi ba ne, kuma ba ta shiga ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin.

Idan kina son shiga fannin, kada ki fara da Raghunata. A ƙarni na 17 Annambhatta ya rubuta taƙaitaccen littafi mai suna Tarkasangraha domin masu farawa, an fassara shi zuwa Turanci, kuma har yau da shi ɗaliban makarantun Sanskirit suke buɗe karatu, suna haddace shi kafin a yi musu sharhi.