Hukuncin sa a zana hoton doki da hannu

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗan barga ne a wajen Ɗa'ifa. Akwai goɗiyar da na raina tun tana dukusa, yanzu maigida zai sayar da ita. Na yi ciniki da wani mai zane a Jidda ya zana min ita da fensir a kan riyal 600, na ba da kafin alƙalami 200, bai fara ba tukuna. Abokan aiki sun ce haramun ne, alhali a gida na ji malamanmu na cewa makaruhi. Ina mafita?

Amsa: Bismillahi, tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, duk maganganun biyu na malamai ne. A wurin Malikiyya hoton dabba yana haramta ne idan yana da jiki mai inuwa, gaɓoɓinsa sun cika, kamar dokin da aka sassaƙa da itace. Zanen takarda ba shi da inuwa, don haka suka ce makaruhi ne, suna kafa hujja da hadisin Abu Ɗalha da ya togace zanen jikin tufa. Hanafiyya, Shafi'iyya da Hambaliyya ba su rarrabe ba: mai inuwa da marar inuwa duk haramun. A kan haka Shaikh Bin Baz ya yi fatawa a nan Saudiyya.

Ni na fi karkata ga hanin. Labulen da Annabi (SAW) ya ƙi a ɗakin Nana A'isha zane ne shafe, babu inuwa. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai zane ya tambayi Ibn Abbas, ya ce masa in ba makawa ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Dokin A'isha mai fukafukai da ake yawan kawowa kayan wasan yara ne, ba a kiyasta abin ratayewa a falo da shi. Ko a Malikiyyar ma, makaruhi ba abin da mutum zai zuba masa riyal 600 ba ne.

Tunda bai ɗora fensir ba, kira shi yau ku sauya aikin. Ya zana bargar da turken, sirdi da likkafa, linzami a rataye, ya rubuta sunanta da na iyayenta da rubutun Larabci mai kyau. In kana son jikinta ya fito, a zana ta ta bayanta, ko kanta ya shige cikin ƙofa yadda ba a ganinsa sam. Hujjar ita ce Mala'ika Jibrilu ya umarci a cire kan wani mutum-mutumi don ya koma kamar bishiya. Inda mutane ke kuskure shi ne a zana dabba cikakkiya sannan a ja layi a wuya. Wannan bai cire komai ba, ya zama tamkar an sa mata abin wuya. Zanen kai da geza kaɗai kuwa, Ibn Ƙudama, malamin Hambaliyya, ya fitar da shi daga hani saboda dabba ba ta rayuwa a haka, amma wasu sun ce kai shi ne ainihin hoton. Ka guje shi, tunda fuskar ce za a ƙawata.

Batun kuɗi: idan ya yarda da sauyin, riyal 200 ɗin su shiga sabon ciniki, ku sake yanke farashi da ranar karɓa. Idan bai yarda ba, ka nemi kuɗinka cikin lalama, domin ijara, wato cinikin ɗaukar mutum aiki, a kan aikin da aka hana ba ta ƙulluwa. In ya riga ya sayi takarda da fensira saboda kai, ka bar masa kuɗinsu. Kada ka yi masa gori, wataƙila maganar Malikiyya yake bi.

Kafin a zo ɗaukar goɗiyar, kana iya yi mata bidiyo da wayarka ka ajiye. Malamai da dama na wannan zamani sun bambanta abin da kamara ta ɗauka da abin da hannu ya ƙaga, muddin ba a buga shi an rataye a bango ba. Wallahu a'alamu.